Rubu'in maki: daga ina konkur ɗin injiniyoyi ya samo asali?

Ranar da aka kafe sakamakon konkur, ɗan ƙanwata ya kira ni bayan la'asar. Ban gama amsa sallamarsa ba ya ce, "Kawu, ban samu ba." Na ce da nawa? Ya ce rubu'in maki ne tsakaninsa da na ƙarshen waɗanda aka ɗauka. Yaro ne da ya ci bak seri C a zaman farko, a wani lise na can cikin ƙasa da ba zan faɗi sunansa ba, inda mushen fizik bai iso ba sai bayan hutun Disamba, ɗakin gwaje-gwaje kuwa a kulle ya tarar da shi, a kulle ya bar shi. Uwarsa ta karɓe wayar ta ce, "Yaya, ai ka san ƙasar nan, in ba ka da kowa ba ka da komai." Na yi mata alkawari zan bincika.

Na bincika kuwa, ban ga maguɗi ba. An gyara takardu babu suna a kansu, an ninka makin lissafi da na fizik da kowefisiyan ɗinsu, an tara, an jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, aka ja layi daidai inda kujeru suka ƙare. Da cuta aka yi, da na san wanda zan zaga in huce. Da na rasa wanda zan zaga sai na koma ga littattafan tarihi, don wannan layin da ake ja ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Gadonsa muka yi daga Faransa, kuma can ma yana da ranar haihuwa.

Kafin juyin juya halin 1789, injiniya a Faransa yawanci soja ne: shi ke gina ganuwa, ya haƙa ramin tsaro, ya auna inda za a kafa igwa. Babbar makarantarsu tana garin Mézières, an buɗe ta a 1748. Akwai jarrabawar lissafi wajen shiga, amma kafin a tambaye ka lissafi sai an tambayi wane ne ubanka. A 1781 ma aka ƙara tsaurara doka, aka ce mai neman zama hafsa sai ya kawo shaidar cewa gidansu na sarauta ne har kakanni huɗu. Jarrabawa tana nan, amma tsakanin ƴaƴan manya take raba gardama. Ko Napoliyon da kansa ta wannan ƙofa ya bi: a 1785, yana ɗan shekara 16, masanin lissafi Laplace ya jarraba shi don shiga rundunar igwa, ya zo na 42 cikin 58.

A wannan makaranta ta Mézières akwai wani saurayi mai suna Gaspard Monge, ɗan wani ƙaramin ɗan kasuwa na garin Beaune. Yana da shekara 18 ya zana taswirar garinsu da kayan awon da ya ƙera da hannunsa. Wani hafsa ya ga taswirar ya yi masa hanya zuwa Mézières, amma asalinsa bai kai ya zauna aji ɗaya da ƴaƴan sarauta ba, sai aka ajiye shi ɗakin zane a matsayin ma'aikaci. Wata rana aka ba shi wani lissafi mai cin kwanaki: yaya za a tsara tsawon ganuwa yadda abokin gaba da ke bisa tudu ba zai hango cikinta ya harba ba. Monge ya warware shi ta hanyar zane cikin ɗan lokaci, har shugabansa ya ƙi yarda da farko, don a ganinsa lokacin bai isa a ce an gama ba. Da aka duba aka ga daidai ne, sai aka mayar da dabarar sirrin soja, shi kuma daga baya aka ba shi koyarwa. Ya koyar da hafsoshin da doka ta hana shi zama ɗayansu. Mutum irin wannan ba sai an gaya masa abin da ake yi wa ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa ba.

Da juyin juya hali ya zo, hafsoshi da yawa ƴan sarauta suka tsere ƙasashen waje, makarantu suka watse, ga yaƙi ta kowace iyaka. Ƙasa tana bukatar masu gina gada da hanya da tashar jiragen ruwa, masu narka ƙarfe su zuba igwa, kuma tana bukatarsu da gaggawa. A 1794 Monge, da Lazare Carnot wanda ya taɓa zama ɗalibinsa a Mézières, da Lamblardie da Prieur, suka sa aka kafa babbar makarantar ayyukan gwamnati a Paris, wadda a 1795 aka sake mata suna Politeknik. Ƴan makarantar suna kiranta X, harafin da ake sa wa abin da ake nema a lissafi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka ɗauki ajin farko. Ba a ce kowa ya yi guzuri ya zo Paris ba. An buɗe jarrabawa a garuruwa 22 na ƙasar, ga samari daga shekara 16 zuwa 20, ana tambayarsu lissafi, aljabara da jometri, ana kuma neman shaidar halin kirki da ta son jamhuriya, don zamanin siyasa ce mai zafi. Ba a tambayi kakan kowa ba. Aka ɗauki kusan 400. Gwamnati ta yanka musu kuɗin kashewa, ta kuma rarraba su gidajen mutanen Paris su riƙe su kamar ƴaƴansu, irin yadda ɗan ƙauye yake samun maigida a birni in ya ci jarrabawar shiga kwalej. Kuɗin takarda na lokacin ya yi ta faɗuwa, sanyin shekarar ya yi tsanani, wasu yaran suka koma gida saboda yunwa. Amma niyyar a fili take: ƙasa ce ke neman yaro, ita ce ke zuwa inda yake, ita ce kuma ke ciyar da shi.

Me ya sa lissafi, ba wani abu ba? Dalili na farko kowa ya san shi, aikin injiniya ba ya yiwuwa sai da shi. Amma akwai na biyu wanda nake ganin ya fi ƙarfi. Lissafi yana da sauƙin jerawa. In ka tambayi yara biyu su yi jawabi, ɗan gidan da ake hira da manya a kan tabarma ɗaya shi zai ci, kuma ba wanda zai iya nuna inda aka yi son kai. In ka ba su alwatika su nemo kusurwarta, amsa ɗaya ce, ko ɗan sarki ko ɗan maƙeri. Mutanen 1794 sun ga a lissafi wani alƙali da ba ya cin hanci, ba ya kuma sanin gidan kowa. Wannan imanin ne ya ratso shekara fiye da ɗari biyu har ya iso kan takardar ɗan ƙanwata.

A shekarun da suka biyo baya aka naɗa masu jarrabawa na musamman waɗanda ke fita rangadi kowace shekara, kowa da yankinsa, gari bayan gari a keken doki. Jarrabawar ta baka ce, a gaban allo, mutane suna kallo. François Arago, wanda ya zama babban masanin taurari, ya ba da labarin tasa a littafin da ya rubuta kan ƙuruciyarsa. Ɗan wani ƙaramin gari ne kusa da Perpignan, can kudu. Wata rana ya ga wani hafsa matashi yana duba gyaran ganuwar birni, ya tambaye shi yadda ya sami galan da ƙuruciya haka, hafsan ya ce masa daga Politeknik ya fito, kuma da jarrabawa ake shiga. Arago ya nemi tsarin jarrabawar, ya sa aka aiko masa littattafai daga Paris, ya yi ta fama da su kusan shi kaɗai. A 1803 ya je Toulouse gaban Louis Monge, ƙanen Gaspard. Abokin tafiyarsa ya ruɗe ya faɗi a gabansa, mai jarrabawar ya ba Arago shawarar ya janye kada shi ma ya sha kunya. Ya ƙi. Ya yi fiye da awa biyu a tsaye gaban allo, a ƙarshe mai jarrabawar ya tashi ya rungume shi, ya sa shi na farko a jerinsa.

Labarin yana da daɗi, kuma irinsa ake faɗa wa yara don a nuna musu ƙofa a buɗe take. Sai dai in an lura, uban Arago ba talaka ba ne, ma'aikacin gidan buga kuɗi ne na Perpignan, yana da halin da zai sa a aiko wa ɗansa littattafai daga Paris. Kuma shekara ɗaya kacal bayan shigarsa abubuwa suka juya. A 1804 Napoliyon ya mayar da makarantar barikin soja, yara suka sa kaki, aka daina biyansu, a 1805 kuma aka ce iyaye su riƙa biyan faran 800 a shekara, ban da kayan sawa da littattafai. Lebura na wancan zamani ko ya yi shekara bai ci bai sha ba, da wuya ya tara wannan kuɗi. Jarrabawar ba ta canza ba, alwatikar tana nan yadda take, amma an kafa wata ƙofar a bayanta. An daɗe ana wannan hali kafin a faɗaɗa ba da burs bayan juyin 1848. Yau ɗan Faransa da ya shiga X ba ya biya, albashi ma ake ba shi a matsayin ɗalibin hafsa.

Ƙofar kuɗin makaranta ana ganinta da ido, don haka ana iya rushe ta da doka ɗaya. Wadda ta fi wuyar rushewa ita ce ta shiri. Tun da aka san cewa makin lissafi ne ke raba arziki, sai sana'ar shirya yara ta kafu. Lise-lisen da Napoliyon ya kafa daga 1802 suka buɗe ajin lissafi na musamman. Makarantu masu zaman kansu a Paris suka riƙa ɗaukar yara su kwana can, suna tattara tambayoyin da kowane mai jarrabawa ya saba yi, suna sanin wanda ke son a bi hanya kaza da wanda ke fushi in an tsallake mataki. A 1854 limaman Jezuwit suka buɗe tasu mai suna Sainte-Geneviève, wadda ta koma Versailles a 1913. Yaran waɗannan azuzuwa har laƙabi aka yi musu da sunan wata dabba mai kama da ɓera da ke zaune cikin rami ba ta ganin rana. Haka aka haifi abin da ake kira prepa a yau: shekara biyu, wani lokaci uku, bayan bak, babu abin da ake yi sai shirin kwanakin jarrabawa. Daga nan makin da yaro ya samu ya zama yana auna abu biyu a haɗe, ƙwaƙwalwarsa da kuma ajin da ya zauna, kuma babu kowefisiyan da ke raba su.

Wanda ya fi kowa shahara cikin waɗanda wannan tsari ya zubar shi ne Évariste Galois. Ya shiga jarrabawar a 1828 ba tare da ya bi ajin shiri yadda aka saba ba, ya faɗi. Ya sake shiga a 1829, ƴan kwanaki bayan ubansa ya kashe kansa, ya sake faɗuwa. Ana ba da labarin wai ya jefi mai jarrabawar da tsumman goge allo, amma wannan zancen baka ne. Abin da yake tabbas shi ne ya mutu a 1832 yana da shekara 20, bayan an harbe shi a wani faɗan fito-na-fito, kuma takardun da ya bari, waɗanda Liouville ya buga a 1846, sun buɗe wani reshe na aljabara da har yau ake koyarwa da sunansa a jami'o'in duniya. Ba na son in ɗora wa labarin nan kaya fiye da ƙarfinsa. Duk yaron da ya faɗi konkur ba Galois ba ne, ɗan ƙanwata ma ba shi ba ne. Amma labarin ya nuna abin da jarrabawar ke nema: wanda zai bi matakai a jere, cikin lokaci, yadda mai tambaya ke jira. Wannan hali ne mai amfani ga wanda zai sa hannu a kan lissafin gada, sai dai ba shi kaɗai ake kira basira ba.

Jarrabawar baka tana da wata matsala da ta dami masu makarantar tun farko. In mutum huɗu suka fita rangadi, kowa ya dawo da jerinsa, ta yaya za a san na biyar ɗin wannan ya fi na uku ɗin wancan? Wani mai tsanani ne, wani mai sassauci. Masanin falsafa Auguste Comte, wanda ya yi wannan aikin rangadi daga 1837 zuwa 1844, yana cikin waɗanda suka san ciwon daga ciki. Maganin da aka samo a hankali shi ne a mayar da hukunci lamba: a ƙara rubutacciyar jarrabawa iri ɗaya ga kowa, a ba kowane darasi nauyinsa, a ba da maki daga 0 zuwa 20. Masu binciken tarihin makaranta a Faransa suna danganta wannan ma'auni na 20 da Politeknik, kafin a shimfiɗa shi a lise-lisen ƙasar a 1890. Wato "goma bisa ashirin" da ƴar firamare ke kawo wa uwarta a Tasawa ko Madawa, asalinsa dabara ce ta raba kujerun makarantar injiniyoyi ɗaya a Paris. Da lamba ta shigo, son kan mai jarrabawa ya ragu ƙwarai. Amma da ita ne kuma rubu'in maki ya sami ikon da ba shi da shi a da. Babu malamin da zai rantse cewa mai 11,75 ya fi mai 11,50 iya gina dam, amma layi dole a ja shi wani wuri.

Jerin bai tsaya a ƙofar shiga ba. A ƙarshen karatu ana sake jera ɗalibai, na sama su fara zaɓen inda za su yi aiki. Bisa al'ada na farko-farko suna ɗaukar hukumar ma'adinai, masu bi musu su ɗauki ta gadoji da hanyoyi, saura kuwa a ƙarni na 19 yawancinsu rundunar igwa da injiniyoyin soja suke tafiya. Matsayin da saurayi ya samu yana da shekara 22 shi ke bin sa har ritaya, wani lokaci har cikin sanarwar mutuwarsa.

Masu masana'antu kuwa sun daɗe suna gunaguni cewa makarantar tana fitar da masu lissafi don gwamnati, su kuma suna neman wanda ya san tukunyar tururi da ƙarfe. Shi ya sa a 1829 wasu suka kafa makarantar Centrale da kuɗinsu. Wani saurayi mai suna Gustave Eiffel ya nemi Politeknik a 1852 bai samu ba, ya shiga Centrale ya fito a 1855. Shi ne kamfaninsa ya gina hasumiyar Paris a 1889, kuma a jikinta ya sa aka rubuta sunayen masana 72, ciki har da Monge da Carnot da Laplace da Arago, iyayen gidan da bai samu shiga ba. Mata kuwa ba a ma ba su damar faɗuwa ba sai 1972. Shekarar da aka buɗe musu ƙofa, wata yarinya, Anne Chopinet, ita ta zo ta ɗaya a kan kowa. Shekara 178 alƙalin da ba ya cin hanci yana zaune, rabin jama'a ba a bari sun shigo kotunsa ba.

To yau wa ke shiga? Kujerun ƴan ƙasa ba su wuce ɗari huɗu da ƴan kai ba a shekara, kusan adadin 1794, alhali masu bak sun ninka ba iyaka. Pierre Bourdieu ya rubuta littafi a 1989 wanda sunansa kaɗai ya isa hukunci, ya kira waɗanda manyan makarantun nan ke fitarwa sarautar gwamnati. A 1995 wasu masu bincike biyu, Euriat da Thélot, suka duba manyan makarantu huɗu har da Politeknik, suka ga ƴaƴan talakawa sun sauko daga kashi 29 cikin 100 a farkon shekarun 1950 zuwa kashi 9 bayan shekara arba'in. Su da kansu sun ja hankali cewa manoma da leburori ma sun ragu a ƙasar cikin wannan lokaci, don haka lambar ba ta nufin rashin adalci ya ninka uku. Duk da haka kowa a Faransa ya san cewa lise ƙalilan, Louis-le-Grand a Paris da Sainte-Geneviève a Versailles a kan gaba, su ke kwashe babban kaso na kujerun kowace shekara. Ba wanda ya saci takarda. An dai san tun yaro yana kwalej wace unguwa za a zauna, wane aji za a nema masa.

Mu kuma ta wace hanya abin ya iso mana? Turawan mulkin mallaka sun kawo mana konkur, amma sun yanke masa kai. Yaro mai ƙoƙari a Damagaram ko Tawa yana cin jarrabawa bayan jarrabawa har ya kai makarantar William Ponty a Senegal, inda Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu, ya fito malamin lakwal ko akawu, ko ya wuce makarantar likitanci ta Dakar ya zama mataimakin likita. Makarantar fasaha da aka buɗe a Bamako a 1939 mataimakan injiniya take horarwa, masu riƙe wa Bature ma'auni. Ponty ba ta ba da bak, kuma in babu bak babu prepa, in babu prepa babu X. An ja layin tun kafin a raba takardar tambaya.

Sai bayan yaƙin duniya na biyu ƙofar ta ɗan buɗe. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya bi ta Ponty, ya yi bak a Dakar, ya shiga ajin prepa a lise Saint-Louis na Paris, ya ci gaba a Sorbonne, a 1956 ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci agregasiyon a fannin fizik. Mutumin da ya ci jarrabawar Faransa mafi tsanani a fanninsa shi ne kuma ya rubuta littafi a 1964 kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yara da harsunansu, ya dawo gida ya shugabanci ofishin makamashin rana, yana ƙera tukunyar dafuwa da na'urar ɗuma ruwa da hasken rana. Ya san abin da makinsa ya auna da abin da bai auna ba. Yaron da ke karanta tambayar fizik da harshen da ba a yi da shi a gidansu, jarrabawa biyu yake yi a takarda ɗaya. A 1976 Rose Dieng ƴar Senegal ta zama mace ta farko daga Afirka da ta shiga Politeknik, a 1982 Tidjane Thiam na Kodebuwa ya shiga. Ana ƙirga irinsu da yatsu, kuma kusan duka ta manyan lise na babban birni da prepa ta Faransa suka bi.

Lokacin da muka sami ƴancin kai a 1960, yaran Nijar da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Aka fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971 da injiniyoyin da akasarinsu baƙi ne. Ƙasashenmu suka haɗa kai suka kafa makarantu na tarayya: ta injiniyoyin karkara a Wagadugu a 1968, wadda yau ake kira 2iE, ta yanayi da jiragen sama a Yamai, sannan EMIG ta ma'adinai da masana'antu wadda ta buɗe a Yamai a 1990. Duka sun ɗauki tsarin da suka gada: seri na kimiyya, makin lissafi da fizik mai nauyi, jeri, layi.

Ga inda nake tsaye, ko da ƙanwata ba za ta ji daɗi ba. Ba na cikin masu cewa a soke konkur a koma duba dosiye da hira da yaro. A ƙasar da kowa ya san kowa, ranar da aka cire takarda marar suna, ranar ce ɗan mai gadi zai daina shiga ko da kuskure. Layin da ya zubar da ɗan ƙanwata shi ne kuma ya hana wani mai waya a hannu ya tura nasa ɗan a gabansa. Abin da ke ci mini rai daban ne. Mun ɗauki ƙarshen tarihin nan, wato lamba da kowefisiyan da jeri, mun bar farkonsa. Mutanen 1794, cikin yaƙi da yunwa, sun kai jarrabawa garuruwa 22, sun biya yaro, sun nema masa masauki. Mu muna jira yaro ya iso da kansa, bayan an riga an tace shi tun daga brebe, inda ɗalibai da yawa ke gudun seri C don ba su ga malamin lissafi tsayayye ba a kwalej, wasu lise-lisen ma ba su da ajin C gaba ɗaya. Yaron babban birni yana da kur na yamma da iyaye ke biya, yana da tsofaffin tambayoyin shekara goma da amsoshinsu, yana da wan da ya riga shi shiga. In aka sa su a ɗaki ɗaya awa huɗu, bambancin ya fito rubu'in maki kacal, ni dai na san wanda zan ɗauka in ni ke neman mai gina mini gada. Amma jerin ba shi da gurbin rubuta wannan.

Yaron yana gidana yanzu. Na share masa ɗakin zaure, na nemo masa tsofaffin tambayoyi wajen wani abokina da ya yi ritaya daga koyarwa, wanda kuma ya yarda ya riƙa zama da shi Asabar da Lahadi ba tare da ya karɓi ko dala ba. Makon jiya abokin nawa ya kai shi wani ɗakin gwaji, ya ga osiloskop a karo na farko, na'urar da ya amsa tambaya a kanta a bak da kuma konkur daga zanen littafi. Da ya dawo yana ta ba ni labarin yadda layin kore ke rawa in an murɗa maɓalli. Na tambaye shi su nawa ne a ajinsu na tarminal C. Ya ce su goma sha ɗaya. Na ce sauran fa? Ya ce biyu sun sami jami'a, ɗaya tana gidan miji, wanda ya fi su duka lissafi kuma yana Agadas wajen wansa, yana taya shi tsaron shago.